Igiyar Mamani Mai Yasa

A'a, Amiru, dakata nan. Kar ka sake ce mini "ai kulli ɗaya ne ya kwance". Tun da ka sauko daga motar Yamai kake nanata ta kamar mai tallar goro. Na ji, ka yi lakwal, ka sha boko, ka karanta littafin shari'a mai kaurin tubali. Ni goggonka ko alif ban sani ba. Amma ni ce na shekara biyu ina kai ma yayanka Sallau fura gidan kaso, kuma abin da ya faɗa mini ta bayan ƙarfe ba shi cikin littafinka. Ka ce alƙali ya zalunce shi? Ka ce ba shi ya kashe Mamani ba? To janye ƙafarka daga tabarmata, ka saurara.

Kana goye ubanku Idrisa ya rasu, shi ya sa ba ka san sana'ar gidanku ba. Yasar rijiya ce. Rijiyoyin ƙasarga ka san su, gaba arba'in, in ka leƙa sai ka hangi ruwa can kamar ƙwayar idon kaza. In laka ta cika gindinta, mutum ke sauka ya kwashe. Raƙumi ke saukar da shi, raƙumi ke fiddo shi. Can ƙasa murya ba ta da amfani, kafin ta iso bisa ta zama gunji. Da igiya ake magana. Na ƙasa ya buga ta sau uku, ma'ana ina nan, a riƙe ni. Na bisa ya buga sau ɗaya, ma'ana na ji ka, kana hannuna. Karatun ke nan duka. Sallau ya iya shi tun bai iya ɗaure wando ba, kuma Mamani, abokin aikin ubanku, shi ya ƙarasa koya mishi.

Sai ya girma ya ƙi sana'ar. Samari na kiranshi ɗan laka, 'yan mata na toshe hanci in ya wuce. Ya wanke ƙafa ya shigo Dakoro, yana zama bakin kara yana kora ma masu ciniki raƙuma. Nan Ɗangoggo ya tsince shi. Kar ka dube ni, ba ɗana ba ne, sunanshi ke nan. Wani ƙato ne mai tabo a gira, ba shi da gona, ba shi da sana'a, amma kullum rigarshi a goge.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar, bayan rumfar mai shayi. Ɗangoggo na zaune da yaron tafiyarshi Zakiru, wani siririn mai moto, babur ke nan, dariya ba ta barin bakinshi.

"Ɗan laka, an ce ka san raƙumi," in ji Ɗangoggo.

"Sunana Sallau."

"To Sallau. An ce in raƙumi na ɗaure da igiyar rijiya kana kwance shi kafin mutum ya gama atishawa."

"Sai mi?"

"Sai aiki, mazaje," in ji Zakiru. "Rijiyar Maraya, arewa da Birnin Lalle. Akwai amalen wani Kalla nan, kamar soro. Ga wasu biyu na makiyaya. Da hantsi ba kowa sai mata da tsofaffi."

Ɗangoggo ya dafa buhun da ke tsakanin ƙafafunshi.

"Ƙarfe na nan. Sama zan harba. Ni ba ni son jini, jini ke kiran jandarma. Kai dai ka kwance, ka hau, ka biyo mu. Akwai mai mota yana jiranmu cikin daji."

"In aka gane ni fa?"

"Rawani don mi aka yi shi?"

Sallau ya yi ta juya kofin shayi har kumfar ta kwanta.

"Bar shi, maigida," in ji Zakiru. "Halan ramin yake marmari."

Sallau ya shanye shayin. Amsarshi ke nan.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, su uku bisa moto ɗaya, rawani har ido, sunka bi ta bayan tudu. Tun daga nesa Sallau ya hangi abin da bai so gani ba. Tulin baƙar laka ɗanya gefen rijiya, tana ƙyalli cikin rana.

Ana yasa.

Ya buɗe baki zai yi magana. Moto ta yi tsalle bisa rairayi, haƙoranshi sunka haɗu, bai sake buɗewa ba. Ya ce ma ranshi halan sun gama. Halan wasakin laka ne bisa igiya, gugan fatar nan da ake kwaso ta da shi. Mutum in yana neman ƙaryar da zai yi ma kanshi, ba shi rasawa.

Can gindin rijiya kuwa Mamani ya gama. Tsoho ne, ya ba sittin baya, gwiwoyinshi na ciwo da sanyin ruwa. Ya aika da wasaki na ƙarshe, anka mayo mishi da igiya, ya zauna cikin madaukinta, ya ba da alama a ja. Kalla ya yi ma amale magana. Amale ya taka. Gaba ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Mamani na lilo a hankali, yana tunanin furar da matarshi Rahinatu ta aje mishi gindin aduwa.

Tau! Tau!

Mata sunka watsar da jarkoki. Jakkai sunka ɓarke da kuka. Kalla ya saki akala ya faɗi rub da ciki, amale ya tsaya cak.

"Kowa ƙasa! Wanda ya ɗaga kai uwarshi ta haifi wani!"

Zakiru na bi yana karɓe wayoyin salula daga hannun mutane. Akwai moto ɗaya ta wani mai tallar gishiri — ya soke mata ƙafafu da wuƙa, gaba da baya. Ɗangoggo ya cafke akalar raƙuman makiyaya.

Sallau ya isa ga amale. Igiya ta zagaye itacen sirdi sau biyu, sannan kulli. Yatsunshi sun san hanya. Ya zare. Igiya ta fizga — ya damƙe ta. Zagayen da ke bisa itace ya ɗauke mishi rabin nauyi, sauran ya sauko cikin hannunshi.

Wasakin laka nauyinshi matacce ne. Wanga yana motsi.

Sai ta zo mishi ta cikin igiya. Ɗaya. Biyu. Uku.

Bai yi shawara da kowa ba, ko da kanshi. Hagu na riƙe, dama ta tashi da kanta ta bugi igiya sau ɗaya.

Ka gane abin da ya yi? Lokacin da igiya ta tsaya ta fizga, Mamani ya san ba lafiya ba. Ya cusa yatsun ƙafa cikin tsagar siminti, ya kama wani guntun ƙarfe da ke jikin bango, ya manne kamar tsaka. Da an bar shi haka, da ya lallaɓa ya sauka gaba biyar ɗin nan da dabara, aikinshi ne shekara arba'in. Amma ya buga, anka amsa mishi. Ya ce alhamdu lillahi, ya saki ƙarfe, ya cire ƙafa, ya mai da dukan jikinshi bisa igiya.

Mai da kullin ba wuya. Numfashi biyu ne. Sallau har ya ɗaga bakin igiya zai mayar.

"Kai ɗan laka, nan za ka kwana? Ko ka tuna gida ne?"

Ɗangoggo ne, daga bisa raƙumi. Zakiru ya ƙyalƙyale da dariya.

Ba bindiga ya nuna mishi ba, Amiru. Na tambaye shi ya fi a ƙirga, ina son ya ce mini i, in samu abin gaya ma mutane. Ba wanda ya ɗora mishi ƙarfe a ka. Dariya anka yi mishi.

Ya sassauta yatsu.

Igiya ta gudu cikin tafinshi, ta tafi da fata. Bakinta ya yi bulala bisa ƙasa, ya haye gungumen bakin rijiya, ya shige. Ya ce bai ji ƙarar faɗuwar ba, wai kukan jakkai ya rufe. Ban yarda ba, amma ban matsa mishi ba.

Ya haye amale. Moto gaba, Ɗangoggo da raƙuma biyu tsakiya, shi baya. Sai ga abin da ba wanda ya lissafa cikinsu. Amalen Kalla raƙumin rijiya ne, shekara takwas aikinshi ɗaya, ya taka gaba arba'in ya juyo. Sunka fita a guje, ya yi gaba arba'in cif, ya tsaya, ya karkato wuya wajen rijiya.

"Ja shi!"

Sallau ya ja akala, hannu ba fata. Ya ja da gwiwar hannu, ya sa haƙori. Amale ya yarda ya yi wata arba'in ɗin, ya sake tsayawa, ya sake juyowa.

"Wanga raƙumi ne ko ɗan sanda?" in ji Zakiru.

"Dake shi."

"Ina dukanshi, maigida."

Haka sunka yi ta fama, arba'in arba'in, kamar masu awon gona. Rana ta take tsaka ba su wuce tudu na uku ba. Cikin wani kwari Ɗangoggo ya tsaya, ya dubi akalar da ta jiƙe sharkaf.

"Mi ya ci maka hannu?"

"Akwai mutum bisa igiyar."

Zakiru ya kashe moto.

"Ni ban ji komi ba," in ji Ɗangoggo. "Zakiru, ka ji wani abu?"

"Iska ce, maigida."

"To. Sallau, ka tsaya nan da wanga jarababben. Mu kai biyun ga, mu dawo da mota mu ɗauke ku."

Yau ya kira shi da sunanshi. Ya miƙa hannu ya zare gorar ruwan da ke rataye a kafaɗarshi, wai za su ciko ta. Sunka tafi, ba wanda ya waiwayo.

Bakin rijiya kuwa, mutane sun tashi sun yi cirko-cirko. Igiyar duka ta faɗa ciki, gaba arba'in na murɗaɗɗiyar fata, bisa kan Mamani. Garin ba su da wata mai tsawonta. Anka kwanto igiyoyin turke, anka haɗa da zannuwan mata da rawunan tsofaffi, anka zura, gaba ashirin da ɗaya, ta tsaya tana lilo tsakiya. Ba salula. Moto a kwance. Anka ɗora wani bisa doki ya nufi Birnin Lalle, ya aro igiya, ya kuma sa a kira jandarma.

Rahinatu ta kwanta bisa cikinta bakin rijiya.

"Baban Lailatu. Baban Lailatu, kana ji na?"

Wani nishi ya taso.

"An tafi aro igiya. Furarka na nan, na rufe ta. Kar ka yi barci, ka ji?"

Haka ta yi ta yi mishi hira, ta awaki, ta gero, ta bikin ɗiyarsu, rana na dukan bayanta, daga hantsi har inuwa ta juya. In ta yi shiru sai nishin ya taso, sai ta ci gaba.

A Dakoro waya ta iske kumandan jandarma bayan azahar, yana wanke hannu. Ya ji an ce bindiga, ya ji an ce mutum cikin rijiya. Ya tsame hannun, ya ɗebi mutum huɗu da wani Buzu mai bin sawu ana ce mishi Hamid. Mota ɗaya, rairayi har gwiwa. Sau biyu tana kafewa suna turawa.

Sallau na cikin kwari. Hannuwan sun kumbura kamar fanke, ƙudaje sun same su. Ya jira har inuwar amale ta fi amale tsawo. Ya san ba mota, ya san tun lokacin da anka zare gorar. Ya durƙusar da raƙumin da murya, ya rarrafa ya hau, ya bar akala bisa wuyanshi don ba shi iya riƙe ta. Amale ya miƙe, ya shaƙi iska, ya kama hanya. Wannan karon bai tsaya ga arba'in ba.

Ya ce mini har yau bai sani ba, shi ya koma ko raƙumi ya mai da shi. Na ce raƙumin ya fi ka hankali, bar mishi ladarshi.

Da la'asar ya ɓullo bisa tudu. Igiyar aro ta iso ke nan, motar jandarma ma ta tsaya. Kalla ya fara ganin raƙuminshi, ya nuna da hannu. Mutane sunka ruga. Anka jawo Sallau ƙasa — sanda, dutse, takalmi — sai da kumandan ya shiga tsakani ya sa mishi ankwa. Cikin kokawar rawanin ya warware.

Wata tsohuwa ta duƙa ta dube shi da kyau.

"Wanga ba ɗan Idrisa ba ne?"

Sandunan sunka sauka. Ya ce mini da ma sun ci gaba da dukan.

Ba mai yasa a wurin sai wanda ke ƙasa. Kalla ya ce shi zai sauka, raƙuminshi ne, shi ya saki akala. Mutumin da bai taɓa wuce bakin rijiya ba. Anka ɗaura igiyar aro ga amale, wani makiyayi ya riƙe shi, anka zura Kalla yana salati.

Ya iske Mamani jingine da bango, ruwa har ƙugu, ƙafa ɗaya a karye, yana numfashi guntu-guntu.

"Kalla ne?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ke bisa igiya ɗazu?"

"Ɓarayi ne, Baba. 'Yan fashi."

"A'a. Ɗan sana'a ne. Na buga, ya amsa mini."

Kalla bai tsaya sauraro ba, duhu da tsoro sun cika shi. Ya kwance igiya daga jikinshi, ya zagaya ta ƙirjin tsoho ƙarƙashin hammata, ya ɗaure tamau, yadda ake fiddo rago in ya faɗa.

A bisa Sallau na zaune ƙasa da ankwa. Idonshi ya faɗa bisa wasaki, yashe gefen laka. Wanda ya faɗi ya karye ba a ɗaure shi, cikin wasaki ake zaunar da shi. Ubanku ya faɗa mishi, Mamani ya faɗa mishi.

"Ku aika mishi da wasaki," in ji shi. "Kar a ɗaure shi a ƙirji."

Mai tallar gishiri ya kai mishi mari.

"Ɓarawo ne zai koya mana?"

Amale ya taka. Arba'in cif, ya juyo.

Mamani ya fito da kumfar jini a baki. Rahinatu ta tallafi kanshi bisa cinyarta, tana share mishi da bakin zane. Idonshi a buɗe, yana bin mutane ɗaya ɗaya. Ya bi ta kan Sallau, bai tsaya ba. Ko bai gane shi ba, ko ya gane, Allah ne masani. Kafin a buɗe bayan mota rai ya yi halinshi. Sai da anka rufe shi da zane sannan wani ya tuna Kalla na ƙasa.

Su Ɗangoggo ba su yi nisa ba. Mai motar da ke jiransu cikin daji, har yau yana zuwa. Hamid ya bi sawu kwana biyu, anka kama su bayan kasuwar Sabon Maci suna neman mai sayen raƙuma da tambarin masu su a wuya.

Shari'ar a Maradi anka yi ta. Na je. Uwarku ta kasa, ni na zauna bisa benci tare da mutanen Rijiyar Maraya, na ja mayafi har hanci. Ba wanda ya ce mini komi. Rahinatu ma ta matsa mini wuri. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ɗangoggo ya fara.

"Ranka ya daɗe, ni sama na harba. A tambayi sama in ta ji ciwo. Kuma sai da na ce ma yaron ga ya bar wancan raƙumin, na ga kamar ana aiki da shi. Ya ƙi. Shi ne ma ya kawo mana labarin rijiyar."

Zakiru ya ce shi mai moto ne, an ɗauke shi haya, bai san mi ke cikin buhu ba. Ranar ba dariya.

Sai aboka, wato lauyan da anka ba Sallau, ya tashi, da baƙar rigarshi mai faɗin hannu. Wallahi ya iya magana, kamar kai. Ya ɗaga takardar likita. Ya ce ga ta nan a rubuce, faɗuwa ba ta kashe Mamani ba. Ya yi rabin yini da ranshi, yana ji, yana magana. Abin da ya kashe shi haƙarƙari ne da ya huda huhu lokacin da igiya ta matse shi ana jawowa. Ya ce Sallau ya kwance kulli da hantsi, Mamani ya rasu da la'asar, tsakaninsu akwai hannun wani. Ya juya ya nuna Kalla. Ya ce har ma Sallau ya yi gargaɗi anka mare shi. A hukunta shi don satar raƙumi, amma rai ba a wuyanshi yake ba.

Ka ji? Duk abin da kake zuba mini tun ɗazu, an riga ka faɗa, da faransanci ma.

Kalla na zaune gabana. Ya duƙar da kai. Tun ranar abin nan bai sake shiga kasuwa ba, yara na nuna shi suna cewa ga wanda ya shaƙe Mamani.

Alƙalin wani ɗan ƙaramin mutum ne mai tabarau, ba shi ɗaga murya. Ya bari aboka ya gama, ya yi magana, tafinta na mayar mana.

"Haƙarƙarin da igiya ta matse, lafiyayye ne ko karyayye?"

"Karyayye."

"Mi ya karya shi?"

"Faɗuwa."

"Da ba a kwance igiya ba, da Kalla ya sauka?"

Aboka ya gyara riga.

Alƙali ya ce wanda ya jefa mutum rami ba shi da bakin cewa masu ceto ba su iya ba. Kalla ya yi abin da duk mai tausayi marar sani zai yi, bai kawo wata sabuwar ɓarna daga waje ba, cikin wadda anka riga anka yi yake laluben hanya. Ya ce abin da anka fara da hantsi shi ne ya ƙare da la'asar. Saura abu ɗaya, in ji shi, kuma shi ne zai raba shekaru kaɗan da shekaru masu yawa. Lokacin da yaron ya saki, ya san da mutum ko bai sani ba?

Anka kira Kalla, ya faɗi abin da Mamani ya gaya mishi a ƙasa. Aboka ya yi wuf ya ce maganar mai fitar rai ce, cikin duhu, ba shaida. Wa ya ga an buga igiya? Kowa na kwance rub da ciki. Gaskiya ne, ba wanda ya gani.

Tun a kaso aboka ya riga ya koya ma Sallau abin da zai ce. Kalma huɗu: na zaci wasaki ne. Ya faɗa, ya zauna, shi ke nan.

"Sallau Idrisa, tashi. Ka san da mutum bisa igiyar?"

Ya tashi. Hannuwan sun warke amma yatsun sun ƙanƙance, ba su miƙewa. Ya dubi aboka. Aboka ya gyaɗa mishi kai. Ya dubi wajenmu. Ba ni ya duba ba, Kalla ya duba, da kanshi tsakanin gwiwoyi.

"Ya buga uku," in ji shi.

"Ɗaga murya."

"Ya buga uku, ranka ya daɗe. Na amsa mishi."

Aboka ya zauna ya rufe takardunshi. Rahinatu ta ce "uhm", shi ke nan abin da ta ce. Kalla ya ɗago kai, karo na farko tun safe.

Shekara ashirin anka yanke mishi. Su Ɗangoggo ma sun sha nasu, alƙali ya ce da mai harba sama da mai soke moto duk hannunsu na cikin abin, don su sunka sa ceto ya makara. Amma su ba ruwana da su, ba jinina ba ne.

Ka san abin da ya rage? Masu yasar ƙasarga duk sun ƙi Rijiyar Maraya, sun ce ba su sauka inda anka amsa ma mutum anka sake shi. Laka ta koma. Matan garin sai sun yi tafiyar rabin yini da jakkai. Bikin Lailatu anka yi shi ba ganga. Kalla ya sayar da amale, ya ce ba shi iya kallonshi. Uwarku ta bar zuwa suna da biki, in ta ji an ambaci rijiya cikin hira sai ta tashi wai ta bar tukunya bisa wuta. Ni kuwa ranar kasuwa in na hangi Rahinatu da ƙwaryar kukarta, sai in zagaya ta layin masu tukwane, da tsufana, kamar ni na yi satar. Sau ɗaya ta tare ni. Ta ce, "Goggo, in kin je ki gaishe shi." Na rasa inda zan sa fuskata.

Yanzu kai ka zo da biro, za ka rubuta takarda a sake shari'a, a mai da gawar bisa wuyan Kalla. Ka tambayi yayanka mai hannun? Je ka tambaye shi, ranar Lahadi ake shiga.

Mi? Har yanzu? Bai taɓa shi ba, kulli ɗaya ne?

To, ba gardama. Rijiyar na nan, tana neman mai sauka. Gobe da hantsi mu tafi, in aro maka raƙumi. Ka zauna cikin madauki, ka rungume littafinka da kyau kar ya jiƙe. Ni tsohuwa ko farcena ba zai taɓa ka ba, kulli ɗaya tak zan kwance. In anka fiddo ka, sai ka gaya mini wa za ka kai ƙara.